Ƙaro: Daga Dajin Kurdufan Zuwa Kwalbar Lemo

Duk almajirin da ya taɓa haɗa tawada ya san ƙaro. Zai kankaro baƙin gindin tukunya ko ya daka gawayi, ya tafasa, sannan ya jefa 'yan dunƙulen ƙaro a ciki, domin in babu shi rubutu ba ya kama allo, da ya bushe sai ya kakkaɓe. Mai wankin hula ma da shi yake sa zanna-bukar ta tsaya ƙyam. Wannan ɗanko da ake saye da 'yan canji a bakin kasuwa ya taɓa sa Ingila da Faransa sun ja daga, kuma har gobe kamfanonin lemon kwalba na duniya ba su rabu da nemansa ba.

Uwar ƙaro mai daraja ita ce dakwara, gajeriyar bishiya mai ƙaya da ke son jigawa da ƙarancin ruwa, wadda ta yi ɗamara a bakin Sahara tun daga Senegal har Bahar Maliya. Larabawan Sudan suna ce mata hashab. Dushe ma tana ba da ƙaro, sai dai nata mai saurin marmashewa ne, bai kai na dakwara kuɗi ba.

Dakwara ba ta zub da ƙaro sai ta ji wuya. Idan damina ta ɗauke, ganye ya fara kaɗewa wajen Oktoba zuwa Nuwamba, mai aikin zai shiga daji da ɗan gatari ko wani ƙarfe mai kama da mashi da 'yan Sudan ke kira sonki. Zai soka shi ƙarƙashin ɓawon reshe, ya ɗaye ɗan siririn ɓawo, ba tare da ya ji wa itacen ciki rauni ba. In ya zurfafa, ya kashe reshen. Daga nan sai haƙuri. Bayan kamar kwana arba'in zai dawo ya tarar ruwan ya daskare, ya zama dunƙule kamar ƙwan kurciya, garai-garai da ɗan ja-ja. Ya tsinke, ya jefa a buhu, ya sake zagayowa bayan mako biyu, haka har zafin bazara. Ƙaya ta yage riga, ta tsattsage hannu, kuma abin da bishiya guda ke bayarwa a shekara galibi bai kai rabin kilo ba. Duk buhun da aka gani a kasuwa, sawu ne mai yawa a cikin rana.

Tun zamanin Fir'aunoni Misirawa ke haɗa fenti da ƙaro. Da yake ta tashoshin ruwan Larabawa yake isa Turai, sai Turawa suka laƙaba masa sunan ƙaron Larabawa, alhali a ƙasar baƙar fata yake tsira.

A ƙarni na 18 kasuwar ta koma bakin Kogin Senegal. Masaƙun Turai sun shiga buga zane a jikin atamfa, kuma sai da ƙaro rini ke yin kauri ya zauna inda aka ɗora shi. Larabawan Trarza da Brakna, a Muritaniya ta yau, suna kawo shi a kan raƙuma, mafi yawansa bayi ne suka tsinko, su musanya da shuɗin yadin da ake kawowa daga Indiya. Faransawan da ke zaune a Saint-Louis suna biyan sarakunan Larabawan kuɗin fito kafin a buɗe ciniki. Ribar ta kai har Ingila ta aika jiragen yaƙi ta ƙwace garin a 1758, ya zauna a hannunta kimanin shekara ashirin.

Amma inda ƙaro ya zama rayuwar al'umma shi ne Kurdufan, a tsakiyar Sudan, ƙasar da alhazan ƙasar Hausa da Borno suka sha ratsawa da ƙafa a hanyarsu ta zuwa Makka. Manoman can sun gaji wani tsari da ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau. Mutum zai noma gero da riɗi da gyaɗa a fili shekara huɗu ko biyar. In ƙasa ta gaji, sai ya bar 'ya'yan dakwara da suka tsiro su girma, ya koma wani fili. Bayan shekara huɗu ko biyar su fara ba da ƙaro, ya yi ta ci har shekara goma sha biyar ko fiye. Duk tsawon lokacin saiwoyinsu na riƙe yashi suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, awaki da raƙuma na cin ganye da 'ya'ya. In sun tsufa ya sare, ya samu itacen girki da na shinge, ya mai da wurin gona. Saura ce, amma saurar da ke biyan mai ita, kuma a tsakiyar rani, lokacin da ba a girbin komai.

Babbar matsalar aikin ita ce ƙishirwa. A yammacin Kurdufan, wajen Nuhud, mutanen Hamar sukan rarake cikin kuka su cika ta da ruwan sama, kowace kuka da mai ita, ana gadonta kamar rijiya. Suna kuma shuka kankana don su da dabbobinsu su sha ruwanta da rani. Da waɗannan ne mai tsinkar ƙaro ke iya yin makonni nesa da gari.

Jirgin ƙasa ya iso Al-Ubayyid, babban birnin Kurdufan, wajen 1912, buhunan da raƙuma ke wata da watanni da su suka riƙa isa Port Sudan cikin kwanaki. Kasuwar gwanjon birnin ta zama inda ake yanke farashin ƙaro na duniya.

Sai aka zo 1969, gwamnatin Sudan ta kafa kamfani guda, ta ba shi kaɗai ikon fitar da ɗanyen ƙaro waje. An ce don a kare manomi ne. Abin da ya biyo baya shi ne haraji kan haraji tun daga ƙauye har bakin teku, abin da ke isa hannun mai tsinka ya zama ɗan kaɗan daga kuɗin da Turawa ke biya. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kashe bishiyoyi masu ɗimbin yawa. Waɗanda suka tsira kuma, manomin da ya ga buhun gawayi ya fi wahalar rani guda kawo kuɗi ya sa musu gatari. Ƙasar da ke fitar da tan dubu hamsin a shekara ta koma wajen rabin haka. Ba jahilci ne ya sare dakwarar Kurdufan ba. Mutanen da suka san darajarta fiye da kowa ne suka sare, don an hana su cin moriyarta. Sai a 2009 aka karya wancan babakere.

Duniya kuwa ba ta taɓa daina buƙata ba. Ƙaro ne ke hana kayan ƙamshin lemo rabuwa da ruwa, yana cikin alewa da ƙwayoyin magani da kayan kwalliya, a jikin kwali ana rubuta shi E414. Lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ta bar wa ƙaro ƙofa. A 2007 jakadan Sudan a Washington ya ɗaga kwalbar Coca-Cola a gaban 'yan jarida yana barazanar tsai da fitar da shi. Duk da haka, manyan masana'antun da ke tace shi su mai da shi gari, irin su Nexira da Alland & Robert, a Faransa suke, can kuma ribar ke kwana. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya faɗa tsakiyar Kurdufan da Darfur, aka wawashe rumbuna, ƙaro ya koma fita ta sumoga zuwa ƙasashen maƙwabta.

Bayan Sudan, Cadi da Nijeriya na cikin manyan masu fitar da shi. Dakwara tana nan a Yobe da Borno da Jigawa, akwai ma tashar bincike a kanta a Gashuwa. Mafi yawan abin da ake tarawa a nan tsintuwa ce daga daji, ana cakuɗa mai kyau da na dushe da ɓawo da yashi, ɗan kasuwa ya sami hujjar karya farashi. An kuma sha dasa dakwara da sunan yaƙi da hamada, a yi biki, a watse, awaki su cinye.

Jihohin da ke son bishiyar ta tsaya sai su fara daga mai tsinka: a tabbatar masa cewa dakwarar da ya rena tasa ce, a koya masa tsaga da rarrabe ƙaro, a haƙa masa rijiya kusa da dajin, a kuma sanar da shi farashin Kano da Legas kafin dillali ya iso ƙauyensa da ma'auni.