Usur da Hijabi: Nazari kan Dokokin Ƙwallon Kwando ta Mata

A watan Afrilun 2024, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar mata ta jami'o'in Amurka, Iowa na gaban Connecticut da maki ɗaya, saura daƙiƙa huɗu a tashi, sai aka busa usur. An hukunta Aaliyah Edwards ta Connecticut kan ta tare abokiyar karawa alhali ƙafafunta ba su tsaya wuri guda ba. Ƙwallo ta koma hannun Iowa, aka tashi 71 da 69.

Nan take 'yan kallo suka rabu biyu. Wasu suka ce ƙeta ƙeta ce, ko a farkon wasa ko a ƙarshensa. Wasu suka ce a irin wannan lokaci alƙali ya kame bakinsa, 'yan wasa su raba gardama da kansu. Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a Wurno, Raba ko Goronyo ranar da aka ba da fenariti a ƙurarren lokaci ya san wannan musu. Ina tare da ɓangaren farko, domin dokar da ke sauyawa da agogo ta zama son rai. Amma irin wannan hayaniya ba ta taɓa sauya sakamako, kuma da wuya ta kai ga littafin dokoki.

Akwai ƙorafin da ya kai. Bilqis Abdul-Qaadir ta ci maki 3,070 a sakandare, abin da ba a taɓa yi ba a jihar Massachusetts, sannan ta buga wa jami'o'in Memphis da Indiana State sanye da hijabi. Da ta kammala a 2014, sai hanyar wasan ƙwararru a ƙetare ta toshe mata, saboda hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta hana rufe kai, bisa hujjar kare 'yan wasa daga rauni. A shekarar ce kuma tawagar matan Katar ta janye daga wasannin Asiya a Incheon, Koriya ta Kudu, don ta ƙi cire hijabi. Aka shiga tattara sa hannu ta intanet don a soke dokar, har ya haura dubu ɗari. A watan Mayun 2017 FIBA ta amince da rufe kai, dokar ta fara aiki a Oktoba.

Me ya bambanta ƙorafe-ƙorafen biyu? Fushin usur a kan mutum ɗaya yake sauka, kuma rabin filin na murna da abin da ya fusata ɗaya rabin. Ƙorafin hijabi kuwa ya nufi sakin layi guda a littafin dokoki, ya ɗauki shekaru, ya haɗa Musulmi da mabiya Sikh masu rawani, waɗanda dokar ta shafa su ma.

A gabashin Sakkwato, inda hijabi ke cikin kayan makarantar 'yan mata, wannan sauyi ya fi kowane usur muhimmanci. D'Tigress, tawagar matan Najeriya, ta kai zagayen kwata-fainal a gasar Olamfik ta Paris a 2024, ƙarƙashin koci Rena Wakama, kuma yau ba dokar FIBA da za ta hana 'yar Goronyo shiga wannan tawaga da kanta a rufe. Abin da take buƙata fili ne mai katanga a cikin makaranta, da malamar wasanni mace wadda iyaye za su amince da ita.