JIRGIN KWAL DA YA RATSA LAFIYA, DA MASU ƘERA TARIHI DA TAGULLA



A Ingila da Jamus da Japan akwai mutanen da ke kwashe watanni suna haɗa ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa na tagulla, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Dattawa ne akasarinsu, wasu tsofaffin ma'aikatan reluwe, wasu likitoci, wasu malaman makaranta. Abin da suke ƙerawa kwafin jirgin tururi ne na gaske, mai suna da lamba, wanda ya taɓa aiki a wani layi a wata shekara. Kafin mu ce wannan wasan masu ƙoshi ne, ya kamata mu tuna cewa irin waɗannan jiragen sun yi kusan shekara hamsin suna ratsa garin Lafiya dare da rana, amma yau da wuya ka sami matashinmu da zai iya zana maka kamanninsu.

Lafiya ta girmi dogo nesa ba kusa ba. Muhammadu Dunama da jama'arsa, waɗanda suka taso daga ƙasar Barno, su suka kafa garin, shi ya sa ake ce da shi Lafiyar Barebari. Kafin zuwan Turawa, fatake ne ke haɗa garin da sauran duniya, a ƙafa da kan jaki, suna ɗauko gishirin Keana da Awe, suna gangarawa Binuwai, suna haurawa ƙasar Hausa.

Abin da ya jawo dogo ta wajenmu kwal ne da kuza. A 1909 aka gano kwal a yankin Udi, kusa da inda Inugu take yanzu. Turawa suka buɗe tashar jirgin ruwa a Fatakwal, suka shimfiɗa dogo daga can, ya isa Inugu a 1916. A ɗaya gefen kuma ga kuzar Jos, wadda ake fitarwa ta wani siririn layi da ya bi ta Zariya, sannan a sauke a sake lodi a babban jirgi zuwa Legas. Hanyar ta yi tsawo, ta yi tsada. Sai aka ga gara a miƙe layin gabas zuwa arewa. Ya kai Makurɗi a 1924, ya ratso ta Agyaragu da Lafiya da Gudi, ya haɗe da Kafanchan da Kaduna, kuma a 1927 reshensa ya hau dutse ya isa Jos. Gadar Binuwai ba ta samu ba sai 1932. Kafin nan, a kan jirgin fito ake ɗora taragu a tsallakar da su kogin.

Ba da injin haƙa aka yi wannan aikin ba. Da diga da shebur da kwando aka yi shi, kuma da yawa daga leburorin ba da son ransu suka je ba, hukuma ce ta ɗora wa sarakuna da masu unguwanni su kawo adadin mutane. Kakannin wasunmu na cikinsu. Wannan ma wani dalili ne da zai hana mu ɗauki tarihin dogo a matsayin tarihin Bature shi kaɗai.

Da jirgi ya fara tsayawa, sai kasuwa ta sake fasali. Riɗi da doya da dawa da shinkafa suka sami hanyar fita da yawa a lokaci guda. Gishirin Turai da kananzir da atamfa da kwanon rufi suka shigo. 'Yan kasuwa daga Kano da Katsina da Zariya suka sauka, ma'aikatan reluwe daga kudu suka zo da iyalansu. Wasu garuruwan ma tashar ce ta haife su ko ta raɗa musu suna, kamar Mada Station da Agyaragun Tasha. Kafanchan kuwa mahaɗar dogo ce ta mai da ita babban gari.

To yaya shi kan jirgin yake aiki? Tukunya ce doguwa kwance a kan ƙafafu. A bayanta akwai murhu, inda mai zuba kwal ke tsaye da shebur tun daga tashi har sauka. Zafin wutar na bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa ruwan tukunyar, ruwan ya tafasa, tururin ya taru da ƙarfi. Direba ya buɗe masa hanya zuwa silinda biyu, ɗaya a kowane gefe, ya tura fistin gaba da baya, sandunan ƙarfe su juya ƙafafun. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi, yana jawo iska cikin murhu, kuma shi ne wannan sautin cuku-cuku da iyayenmu ke kwaikwaya. Jirgin mashayi ne ƙwarai, don haka ake kafa tankin ruwa a tashoshi, a tsaya a shayar da shi kamar raƙumi. Faɗin dogonmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, ya fi na Ingila ƙanƙanta.

Daga 1948 kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya fara ƙera wa Najeriya wani rukunin kawunan jirgi da aka raɗa wa kowanne sunan kogi, daga baya kamfanin North British na Glasgow ya ƙara wasu. Tsarin ƙafafunsu shi ake rubutawa 2-8-2: ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja a tsakiya, ƙanana biyu a baya masu tallafe murhu. Ƙirar ta karɓu har reluwen Afirka ta Gabas ya yi odar nasa a kan fasalinta. Akwai kuma samfurin Garratt na kamfanin Beyer Peacock da ke Manchester, mai injin biyu gaba da baya, tukunya rataye a tsakiya, wanda aka yi don jan kaya mai nauyi a kan dogo marar ƙarfi da kwana mai yawa.

Jirgin nan ya ɗauki siyasa kamar yadda ya ɗauki doya. Ma'aikatan reluwe, ƙarƙashin Michael Imoudu, su ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945. A ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu, kuma kwal ɗin ramukan nan shi ne abincin jiragen da ke wucewa ta ƙofarmu. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, kuma a shekarar ne injinan dizal suka fara shigowa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke layin gabas, ya tsayar da kwal ɗin Inugu. Bayan yaƙi tururi bai sake farfaɗowa ba, cikin shekarun 1970 aka yi ta jingine kawunan ɗaya bayan ɗaya. Wani abin mamaki, a daidai wannan lokacin ne aka shiga binciken kwal ɗin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar Lafiya da Obi, da nufin kai shi masana'antar ƙarfe. Ashe jirgi ya yi shekaru yana ɗauko kwal daga nesa yana wucewa ta kan wani kwal ɗin.

Mu koma ga masu ƙera na tagulla. Sayar da ƙananan jirage tsohuwar sana'a ce a Turai. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ma'aunan dogon wasa a 1891, Frank Hornby na Liverpool ya fara sayar da nasa masu wani a 1920. Amma waɗannan kayan yara ne, kamanni kawai suke yi. Da Ingila ta daina aiki da jirgin tururi a manyan layukanta a 1968, sai waɗanda suka tashi da shi suka ji ciwon rabuwa, suka nemi kwafin da zai yi daidai da na gaske ƙusa da ƙusa. A shekarun da suka biyo baya ne ƙira ta hanyar cin tagulla da sinadari ta bazu.

Ga yadda ake yi. Mai zane zai samo ainihin taswirar masana'anta da tsofaffin hotuna, ya rage kowane ma'auni bisa ƙa'ida ɗaya. A ma'aunin da Ingilawa suka fi so, milimita 4 ke wakiltar ƙafa 1, wato kashi 1 cikin 76. Sai ya zana kowane ɓangare a shimfiɗe, kamar yadda tela ke zana hannu da wuya a kan yadi kafin ya yanka. A shafa wa fallen tagulla, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, wani shafi mai jin haske, a buga zanen a kansa, a tsoma shi cikin ruwan sinadari. Inda shafin ya rufe ya tsira, inda ya bari a buɗe sinadarin ya cinye. Inda ake son lanƙwasawa, rabin kaurin kawai ake bari ya ci, sai ya zama layin ninki. Inda ƙusa take, ɗan rami ake bari ta baya, mai haɗawa ya danna shi da tsinke ya ɓullo ta gaba kamar kan ƙusa.

Mai saye zai karɓi falle ne kawai da 'yan ƙullin kaya. Shi zai yanke kowane ɓangare, ya goge bakinsa da magagari, ya naɗe tukunyar ta zama bututu, ya daidaita gindin don kada ƙafa ɗaya ta rataya, ya liƙe komai da dalma irin ta masu gyaran rediyo. Bututun hayaƙi da sauran kayan da ba su lanƙwasuwa zubinsu ake yi, sau da yawa ta hanyar kakin da ake narkarwa a zuba tagulla a gurbinsa, hanyar da maƙeran Ife da Benin suka gwanance a kai shekaru ɗaruruwa da suka wuce. A ƙarshe a sa ɗan injin lantarki a ciki, a yi fenti, a rubuta lamba da suna. Masu kwaikwayon dogo mai faɗi irin namu, kamar mutanen New Zealand, sukan yi amfani da kashi 1 cikin 64, domin a wannan ma'aunin dogon wasa mai milimita 16.5 da ake samu ko'ina ya yi daidai.

Abin lura a nan shi ne, wanda zai ƙera irin wannan ba zai iya yin ƙarya ba. Sai ya san tsawon tukunya, ya san inda direba ke tsayawa, ya san kalar fentin shekara kaza. In bai sani ba sai ya tambayi tsohon da ya tuƙa. Ta haka ne ƙungiyoyinsu suka tara taswirori da hotuna da hirarrakin ma'aikata da ba don su ba da tuni sun salwanta.

Mu fa? Hannu ba ya cikin abin da muka rasa. Wanda ya tashi a unguwanninmu ya san motar kara da motar langa-langa da ta gwangwanin madara, da yaran da ke lanƙwasa waya su fitar da tirela har da sitiyari. Muna da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, ga Bida nan da ta yi suna a kan tagulla, ga masu walda da masu gyaran waya da ke aiki da dalma kullum. Ita kanta dalmar liƙin, kuza ce babban haɗinta, irin wadda jiragen nan suka yi ta kwasa daga Jos. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ajiya. Francis Jaekel, wanda ya daɗe yana aiki a reluwen Najeriya, ya rubuta tarihinsa a littafi mai juzu'i uku, kuma akwai ɗan gidan tarihi mai sunansa a Ebute Metta da ke Legas. A gidan tarihi na Jos ma an ajiye wasu kayan siririn layin Zariya da aka rufe a 1957. Amma labarin tashar Lafiya, da wanda ya sayar da tuwo a bakinta, da ɗan dakon da ya loda riɗi, da yaron da ya fara tafiya makarantar kwana a tarago, wannan yana cikin kawunan dattawanmu ne kaɗai.

Su kuwa dattawan tafiya suke yi. Wanda ya zuba kwal a murhun jirgi a 1965 yana saurayi, yau ya haura tamanin. Ƙarafan ma ba su tsira ba: kowa na jin labarin yadda ake kwance dogo ana loda wa motoci a sayar wa masu narka ƙarfe. A 2021 gwamnati ta ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya bi ta Lafiya, kuma muna fatan a kammala. Sai dai ko an gyara, dizal ne zai dawo, jirgin kwal ya tafi ke nan.

Don haka ga abin da muke ganin za mu iya, ba tare da jiran kowa ba. Duk mai tsoho a gida da ya yi aikin reluwe ko ya yi fatauci a jirgi, ya zauna da shi, ya ɗauki maganarsa a waya, ya tambaye shi sunayen tashoshi da na jirage da kuɗin tikiti. Duk mai tsohon hoto ko tikiti ko hular ma'aikaci, ya ɗauki hotonsa ya adana. Matasanmu masu karatun injiniya da zane su je tasha, da izinin masu kula da ita, su auna ginin da tankin ruwa da abin da ya saura. Sannan a haɗa maƙeri da mai zane da dattijon da ya ga abin da idonsa, a ƙera kan jirgi ɗaya da tashar Lafiya kamar yadda take a da. In tagulla ta yi tsada a fara da gwangwani, muddin ma'aunin ya zama na gaskiya. A ajiye shi inda 'yan makaranta za su gani su tambaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka fasa dutse suka shimfiɗa wannan dogo, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana. Wanda ke da labari ko hoto ko ƙarin bayani, ya ajiye mana a ƙasa, kowa ya amfana.