Daga Ina Sunan Polo Ya Fito?

Wasan ƙwallon dawaki da Turawan Ingila suka yaɗa a duniya da sunan polo, ba a ƙasarsu aka haife shi ba, haka kuma lafazin da suke kiransa da shi aro ne, ko da yake ya daɗe a bakinsu har ya zama tamkar gado. Tun gabanin bayyanar Musulunci sarakunan Farisa suke buga shi suna ce masa chaugan, da sunan sandar bugun; Larabawa suka karɓi kalmar, suka daidaita ta da harshensu ta koma saulajan, kuma darajar wasan ta kai a fadar Mamalik ta Masar har sarauta aka yi wa mai riƙe wa Sultan sandarsa, ana kiransa jukandar. A fagen wannan wasa ne ajali ya riski Sultan Kutbuddin Aibak a Lahore cikin 1210, sa'ad da dokinsa ya faɗi da shi.

Abin al'ajabi, wannan suna mai nasaba da sarauta ba shi Ingilishi ya ɗauka ba. Hafsoshin Ingila a hannun mutanen Manipur suka koyi wasan, waɗanda ke kiransa sagol kangjei, har hafsoshin suka kafa kulob a Silchar cikin 1859. Amma kalmar da ta tabbata daga Baltistan ta zo, ƙasar duwatsu da ke arewacin Pakistan a yau, inda polo ke nufin ƙwallo kawai, kuma malaman lugga sun haɗa asalinta da pulu ta harshen Tibet. A ganina haƙƙi ne a riƙa ambaton mutanen Baltistan, domin sun riƙe wasan cikin ƙauyukansu a zamanin da manyan dauloli suka yi sakaci da shi.

A Ingila kuwa, sojojin doki suka fara buga wasan a Aldershot cikin 1869, aka shimfiɗa masa ƙa'idoji a Hurlingham, sannan ya biyo Turawan mulki zuwa ƙasar Hausa, inda ya tarar da ma'abota doki da sukuwa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya shahara a fagensa har a ƙasashen waje.