Yadda saiwa ta shiga kwalba

Mai maganin gargajiya a kasuwannin N'Djamena, kamar takwaransa na Kasuwar Kurmi a Kano, ya san ƙarfin tsirrai da yawa a saiwa yake. Sai dai wanda ya tone saiwa ya kashe itacen. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman saiwar da ba ta buƙatar gona.

A 1934 Philip White, a Amurka, ya yanki bakin saiwar tumatir ya jefa cikin ruwan sukari da gishirin ma'adinai. Ta ci gaba da tsawo, ba ganye, ba ƙasa. Tsirrai da yawa kuwa suka ƙi.

Abin mamaki, cuta ce ta buɗe hanya. Tun 1930 aka san ƙwayar Agrobacterium rhizogenes, mai sa dashen tuffa fitar da saiwoyi cunkus kamar gashi. A 1982 Mary-Dell Chilton da abokan aikinta suka nuna cewa ƙwayar tana cusa guntun gadonta cikin tsiron. Saiwar da ta kamu ba ta gajiya da tofo, ko a duhu. Zuwa 1985 Hector Flores ya nuna irin wannan saiwa ta dangin zaƙami tana haɗa sinadarin hyoscyamine a kwalba.

Da aka juya kan tabar wiwi, sai ta ba masana kunya. Sinadaranta THC da CBD a ƙananan gasusuwa masu danƙo na furen macen ake haɗa su, saiwa ba ta da rabo sosai. Oliver Kayser da abokin aikinsa a Dortmund ta Jamus sun gwada, a 2015 suka samu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Masu son waɗannan sinadarai suka koma ga yis, wanda ɗakin binciken Jay Keasling a Berkeley ya sa ya haɗa su a 2019.

A ganina wannan ya yi wa saiwar rana, domin yanzu nata sinadaran ake nema: friedelin da epifriedelinol, da ake bincikensu kan kumburi. Tun ƙarni na 1 Pliny na Rum ya ambaci dafaffiyar saiwar wiwi don ciwon gaɓɓai. Dabarar ƙara yawansu ita ce a tsorata saiwar: a ɗiga mata methyl jasmonate ko chitosan na ɓawon jatan lande, ta ɗauka ƙwaro ya far mata, ta ƙara haɗa makaman kare kanta.

Komawa daga kwalba zuwa babbar tukunya ne har yau ke wahalar da masana. Saiwoyin kan sarƙe su dunƙule, iska ta kasa kaiwa tsakiya, cikin ya ruɓe.