Takardar Da Ke Cikin Akwati: Ƙuri'ar Mai Hannun Jari

Maƙalarmu ta wannan mako ta taso ne daga Dabai ta ƙasar Zuru, wadda take cikin tsohuwar Jihar Sakkwato har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. A nan, kamar sauran garuruwanmu, mun fi ɗaukar takardar hannun jari a matsayin abin ajiya a ƙasan akwati, ana jiran ribar shekara. Alhali kuwa takardar kujera ce a zauren taro, kuma ƙuri'a ce.

Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 su ne suka buɗe wa ma'aikata da 'yan kasuwa ƙofar sayen hannun jari. A 1988 gwamnati ta kafa kwamitin sayar da kamfanoninta a ƙarƙashin Dakta Hamza Zayyad, ƙofar ta ƙara faɗi. Sai dokar kamfanoni ta 1990 ta tabbatar da cewa kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya gare shi, kuma dole a sanar da mai shi babban taron shekara kwana 21 kafin ranar. Wanda ba zai samu zuwa ba yana iya naɗa wakili a rubuce, ko da wakilin ba shi da ko sisi a kamfanin.

Zaɓen iri biyu ne. In ɗaga hannu aka yi, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, attajiri da talaka daidai suke. In aka nemi ƙidayar jari, kowa nauyin jarinsa ake aunawa. Nan ne ƙaramin mai jari yake gane cewa sai an haɗa kai ake jin muryarsa.

Mu ɗauki misali na kusa da gida, kamfanin siminti na Sakkwato, wanda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962, ya fara aiki a 1967. A 2018 an haɗe shi da kamfanin simintin Kalambaina, a ƙarshen 2019 kuma da na Obu, aka samu BUA Cement da ya shiga kasuwar hannun jari a Janairun 2020. Kowace haɗewa sai da masu jari suka zauna suka amince. Abin lura shi ne, doka kashi uku cikin huɗu take nema na jarin waɗanda suka halarta suka kaɗa ƙuri'a, da kansu ko ta wakili. Wanda ya zauna a gida ba a lissafa da shi ba, amma hukuncin ya hau kansa, takardarsa ta koma ta wani kamfani. An yi masa aski ba ya nan.

Ga mutumin Dabai, babban uzuri shi ne nisan hanya, domin kuɗin mota zuwa Legas ko Abuja kan cinye ribar. Tun 2023 doka ta halatta wa irin waɗannan kamfanoni yin taronsu ta intanet, uzurin ya ragu.

Mu marubuta mun cika littattafanmu da rigimar gadon gida da gona, mun manta da wannan takarda. Mu tambayi dattawanmu yaushe suka saya, da nawa, kuma ko sun taɓa ɗaga hannu a taron. Mu rubuta amsar da sunan kamfani da shekara, tun masu ba da labarin suna raye. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.