Fitsarin Jini da Madubin Likita

Tun zamanin da fataken goro suka kafa Zangon Kumasi, bayan Turawan Ingila sun shiga garin a 1896, mutane sun san tsargiya. Yaro ya yi wanka a rafi, bayan 'yan watanni ya soma fitsarin jini, manya su ce alamar balaga ce.

Amma likitoci sun riga sun gane ba haka ba ne. A 1851 wani Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar da ke kawo cutar a Alƙahira. A 1911 Likita Ferguson, shi ma a Masar, ya nuna cewa tsargiyar da ta daɗe takan jawo sankarar mafitsara. Da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika da katantanwar da tsutsar ke girma a cikinta, cutar ta yaɗu a garuruwan bakin ruwa har Yeji, inda 'yan kasuwar Kumasi ke sayen kifi.

To, yaya za a rarrabe tsargiya da sankara, tun da duka biyu jini suke kawowa? A 1945 Papanicolaou da Marshall a Amurka suka bayyana wata dabara: a tace fitsari, a rina gutsattsarin fatar mafitsara da suka zubo a ciki, a duba da madubin likita. Babu yanka, babu zafi.

Shekaru suka nuna iyakarta. Muguwar sankara mai saurin yaɗuwa takan zubar da ƙwayoyi masu munin kama, gwajin yakan kama wajen takwas cikin goma. Mai tafiya sannu kuwa, ƙwayoyinta sun yi kama da lafiyayyu, fiye da rabi sukan kuɓuce. Kumburin tsargiya ma yakan rikita mai dubawa. Shi ya sa ƙa'idar Paris ta 2016 ta mai da hankalin masu gwajin ga muguwar.

Saboda haka idan gwajin ya ce akwai, a gaskata shi. Idan ya ce babu, ba a gama ba. Dattijon Zango da ya ga jini, ko sau ɗaya, ya kamata ya je asibitin Komfo Anokye, wanda ake kira Ji, a leƙa cikin mafitsarar da na'ura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.