Daga Amya zuwa Kwalba: Tarihin Zaƙi a Arewacin Zamfara

A zamanin da Namoda, jarumin Alibawa, ya fito daga ƙasar Zurmi yana taimakon jihadin Shehu Usmanu, har ya halarci buɗe Alƙalawa a 1808, zaƙi a wannan yanki abu ne mai wahalar samu, wanda ba ya shiga bakin mutum sai da lokaci da wahala. Mai son zuma sai ya saƙa amya, ya ɗaura ta a kan bishiya, ya yi haƙurin watanni, sa'an nan ya hau da dare da hayaƙi ya sha harbi. Kuma saboda ambaton da Suratun Nahli ta yi mata da waraka, malamai da masu magani sun fi ɗaukarta a matsayin magani bisa ga abin marmari. Talaka kuwa, nasa rabon shi ne takanɗa da kaka, da raken fadama, da maɗin da mata ke dafawa daga ɗinya, wanda in ya yi kauri ake ja a yi alewa. Ko mazarƙwaila, da fatake ke kawowa kasuwar Shinkafi, ɓantara ake yi a jefa a kunu.

Al'amarin ya sake ne sa'ad da layin dogo daga Zariya ya biyo ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, domin jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku ba ya komowa wofi, yakan zo da gishiri da atamfa da farin sukari, kantuna su sayar wa 'yan koli, su kuma su ratsa da shi ƙauyuka a kan jakuna. Sannu a hankali mai shayi ya kafa teburinsa a bakin tasha, fura da koko suka koyi sukari, daga baya lemon kwalba ya zama abin tarbar baƙo.

To, a nan ne masana ilmin jiki suke da magana. Farin sukari rabinsa gulukos ne, wanda dukan gaɓoɓi ke ƙonawa, rabi kuma furuktos, wanda galibin nauyinsa a kan hanta yake sauka. Idan furuktos ya yawaita, musamman a abin sha da ake kwankwaɗa ba tauna, sai hanta ta mai da shi kitse, ƙiba ta biyo baya, hanyar ciwon sukari ta buɗe. Zuma ma, duk da falalarta, tana ɗauke da furuktos mai yawa. Abin da ya kare magabata shi ne ƙarancinta, da kuma cewa mai shan rake muƙamuƙinsa kan gaji kafin ya wuce haddi. 

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, haɗe da zuma, ya kai ushirin ƙarfin abincin yini, kuma dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Nijeriya, kuɗin da, a ganina, bai isa ya hana ko yaro saye ba.